Inda Ruwa Yake Tsirgowa

Wanda bai taɓa wuce Kwanar Ɗangora ya nausa kudu ba, yana iya rantsewa cewa ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce tun daga farkonta har ƙarshenta. Mutumin Yako, a ƙaramar hukumar Kiru, ya san ba haka ba ne. In ya hau titin da ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya doshi Doguwa, ƙasa tana ta ɗagawa a hankali, itatuwa suna ƙara kauri da duhu, har ya iso duwatsun Riruwai, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,000 a kan teku, tudun da babu kamarsa a jihar. A wannan yanki, wajen Zainabi, akwai inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse. Matasa da ɗalibai sukan yi takakkiya su je, su ɗauki hotuna, masu ƙarfin hali su tuɓe riga su shiga.

In an tambaye su ina suka je, da yawansu sai su ari kalmar wani harshe, ko su yi ta kewaye-kewaye: wajen ruwan nan da yake zubowa daga saman dutse. Alhali Hausa tana da sunan wurin a kalma ɗaya, matsirga. Ko a taswira ma tana nan, domin da ita ake kiran shahararren ruwan nan na kusa da Kafanchan a kudancin Kaduna, kuma mutane da yawa suna faɗinta a matsayin sunan wuri kawai, ba su san tana da ma'ana ba.

Kalmar ta fito daga tsirga, wato dirowa daga bisa da ƙarfi. Ginin nata kuwa tsohuwar dabara ce ta harshen: a ɗauko aikatau, a liƙa masa “ma” a goshi, sai ya zama sunan wuri. Inda ake ƙira maƙera, inda ake rini marina, inda ake jima majema. Ruwa ya samu rabo mai tsoka a wannan gini. Inda yake fitowa daga ƙasa maɓuɓɓuga ce, inda yake bi makwarara, inda yake sauka magangara, inda biyu suka gamu mahaɗa. Sannan ga mashaya, ga mashigi, ga madatsa. Wanda ya tsaya ya dubi jerin nan da kyau zai ga ya kasu biyu. A mashaya, shanu da makiyayi ne suke sha. A mashigi, matafiyi ne yake shiga ya haye. A madatsa, mutum ne ya datse. Amma a maɓuɓɓuga da magangara da matsirga babu hannun kowa, ruwan ne da kansa yake aikin. Sunan mashigi shaida ne cewa mutane sun bi ta nan shekara da shekaru sun fita lafiya. Sunan matsirga bai yi wa kowa irin wannan alkawari ba. Ya faɗi abin da ruwa yake yi, ya yi shiru a kan abin da mutum zai iya yi a wurin.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yi niyyar shiga.

Irin waɗannan wurare ƙafa ce take ƙarasa tafiyarsu. Inda mota ko babur ya tsaya, sai a kama turba. A ƙasar Doguwa turba ta cikin gonakin masara take bi, domin nan da Tudun Wada su ne rumbun masarar Kano, kuma ruwan da suke samu a shekara yakan haura milimita 1,000, fiye da abin da arewacin jihar yake gani. Wani lokaci turbar ta faɗa burtali, inda kofaton shanu ya daddage ƙasa. Daga nan gonaki su ƙare, a shiga cikin doka da kaɗanya da maje da ɗorawa. Ba doguwar tafiya ba ce, amma tana da hawa, kuma gumi yana karyo wa mutum tun bai yi nisa ba. Alamar farko cewa an kusa ita ce kurmi: itatuwa su haɗe kai a bakin ƙorama, ganye ya ƙara kore, iska ta sauya a fatar mutum. Kunne yana riga ido isa. Ana jin rugugin tun ana bayan tudu.

Mai hankali ba ya wuce manomi ko makiyayi a wannan hanya ba tare da ya tsaya ba. “Sannu da aiki, Baba. Yaya ruwan yake yau?” Amsar da dattijon zai bayar gajera ce, amma kowace kalma a cikinta ma'auni ce. In ya ce, “Ai ya kawo, samari, ku yi kallo daga nesa,” to an yi ruwa a kan tudu, ƙorama ta cika ta yi ja, tana tafe da itace da duwatsu. In ya ce ya janye, ƙarfinsa ya ragu amma gaɓa tana da taɓo. In ya ce ya kwanta, laka ta zauna, ana ganin ƙasan ruwa garau. In ya ce ya tsinke, rani ya yi nisa, babu gudu sai gurabu a warwatse. In ya ce ya ƙafe, sai a koma gida. Kalmomi biyar ke nan, kuma babu wata na'ura a wayar baƙo da za ta gaya masa abin da suka gaya masa game da wannan ƙorama a wannan rana.

Haka sunayen ruwan kansu suke. Ƙorama ƙarama ce mai gudu. Rafi ya haɗa ruwan da dausayin gefensa, shi ya sa ake cewa noman rafi. Kogi babba ne, kuma abin da Bakano yake kira kogi, Bakatsine da Basakkwace da Bamaraɗe gulbi suke ce masa, kamar Gulbin Maraɗi da Gulbin Kebbi. Tafki ruwa ne kwantacce da Allah ya tara. Kududdufi kuwa rami ne da mutane suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta cika shi, kuma shi ya sa gaɓarsa take da tsayi, zurfinsa yake zuwa farat ɗaya. Yaron da aka ce masa kududdufi ne, in ya san kalmar, ya san taku biyu daga baki ƙasa tana iya ɓace masa a ƙarƙashin ƙafa.

To, an iso. Ga falalen dutse, ga gansakuka ta lulluɓe shi da kore, ga santsi. Ga ruwa yana zubowa fari fat, feshinsa yana dukan fuska. Mutum ya tsoma ƙafa, sai ya ji wani abu ya tsirga masa tun daga tafin sawu har tsakar ka. Marubutan littattafan Hausa na zamani suna yawan amfani da wannan aikatau ɗin a daidai wannan ma'ana, su ce tsoro ya tsirga masa, ko sanyi ya tsirga mata. Kalmar da ta ba wurin suna ita ce kuma take faɗin abin da wurin yake yi wa jiki.

A nan ya kamata a daɗe, domin Bahaushe bai taɓa yanke hukunci ɗaya a kan sanyi ba.

Da farko ma iri biyu ne. Akwai ɗari, busasshe, wanda iskar hunturu take kawowa daga Sahara, mai fasa leɓe da dunduniya, mai sa a kwana a gindin wuta. Akwai kuma sanyi, mai laima, na damina da raɓa da ruwan randa. A bakin mutanen birni yanzu sanyi ya kusa cinye ɗari, kowa lokacin sanyi yake cewa, in ya tsananta a ce muku-muku. Amma wanda ya fito daga ruwa da safiyar hunturu iska ta buge shi, zai gane abin da ya sa magabata suka raba su: na cikin ruwan sanyi ne, na bakin gaɓa ɗari ne, kuma na biyun ya fi cizo.

Sannan ga yadda kalmar take yawo a cikin rayuwa. In an yi wa mutum abin da ya gamsar da shi, ransa ya yi sanyi. Mai haƙuri sanyin hali gare shi. Ɗa nagari sanyin idaniya ne. Wanda ya rasu ana roƙa masa Allah ya sanyaya makwancinsa. A ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40, ba abin mamaki ba ne rahama ta ɗauki kamannin sanyi. Amma kalmar nan ita ce dai a ɗaya ɓangaren. Wanda ya karaya gwiwarsa ta yi sanyi. Wanda ya ji mummunan labari jikinsa ya yi sanyi. Kasuwar da babu ciniki ta yi sanyi. A wajen masu maganin gargajiya kuwa sanyi cuta ce sukutum, mai shiga jiki ta zauna: akwai ciwon sanyi, akwai sanyin ƙashi, akwai sanyin da ake cewa ya kama ƙirjin yaro. Ba a ce sanyi ya taɓa mutum, cewa ake ya shige shi.

Babu inda wannan tsoro ya fito fili kamar wankan jego. Kwana arba'in mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa, ana fyaɗa mata shi da ganye, tana shan kunun kanwa, a wasu gidajen a da har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, duk don kada sanyi ya samu ƙofar shiga jikin da haihuwa ta buɗe. A shekarun 1970 likitoci biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da gishirin kanwa da tsananin zafin nan. Binciken da aka yi daga baya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya ƙaro wasu dalilai, har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ko ma mene ne kason kowane dalili, abin lura shi ne al'umma ta gina tsari na kwana arba'in a kan gudun abu ɗaya, kuma abin nan shi ne wanda saurayi yake hawa tudu da ƙafarsa don ya faɗa cikinsa. In mahaifiyarsa ta ce masa, “Kai dai kada ka kwaso mana sanyi,” daga cikin wannan tsohon ilimi take magana, kuma tana da hakkin a saurare ta.

A Turai abin ya juya. A Finlan huda ƙanƙara ake yi a kan tafki a shiga. A Ingila, tun bayan littafin Waterlog na Roger Deakin a 1999, da kafa ƙungiyar Outdoor Swimming Society a 2006, iyo a koguna da tafkunan daji ya zama abin da dubban mutane suke yi da gangan, har a tsakiyar hunturunsu. Wannan sha'awa ta sa an yi nazarin abin da ruwan sanyi yake yi wa jiki, musamman a Jami'ar Portsmouth, inda Farfesa Mike Tipton ya shafe shekaru a kai. Abin da aka gano a taƙaice shi ne, hatsarin farko yana cikin minti na farko. Da fata ta ji sanyi kwatsam, mutum yana zuƙar numfashi ba da son ransa ba, numfashin ya riƙa fita da sauri, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau. In kansa yana cikin ruwa a lokacin wannan zuƙa, ruwa zai shaƙa. Abin ya fi tsanani a ruwan da ya gaza digiri 15, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska.

Ruwan duwatsun Kano bai kai na Finlan ba, ko kusa. Amma jikin da ya hau tudu cikin rana yana zufa, ya kuma saba da zafi tun haihuwa, ba ya bukatar ƙanƙara kafin ya razana. Shi ya sa tsalle daga kan dutse a faɗa tsundum ya zama mafi munin hanyar shiga. Hanyar da ta dace ta yi kama da alwala: hannu, fuska, ƙeya, ƙafa, sannan a taka a hankali har ruwa ya kai ƙugu, a tsaya sai numfashi ya daidaita. Bayan nan ne daɗin yake zuwa. Fata ta ɗauki wani irin zafi-zafi, gajiyar hawa ta zube, ido ya washe, mutum ya ji shi sakayau. Wanda ya taɓa ji ba ya bukatar a lallashe shi ya koma.

Malaman fiƙihu ma sun san sanyin ruwa. Almajirin da ya fara Ahalari ko Ishmawi a zaure, da wuri yake isa babin tsarki, ya koyi cewa ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, sannan abin da ya sauya shi daga mazauninsa, kamar ƙasar da yake kwance a kai ko gansakuka, ba ya hana tsarki da shi. Ke nan ruwan matsirga ruwan alwala ne da wanka. Amma shari'ar ta kuma yarda wanda yake tsoron ruwa zai cutar da shi ya yi taimama, kuma malamai sukan kafa hujja da abin da ya faru ga sahabi Amru ɗan Asi, wanda ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai zarge shi ba. Addinin da ya wajabta wanka bai ɗauki sanyin ruwa abin wasa ba.

Wanka ɗin nan kuwa, kalma ce da ta cancanci a yi mata tambaya. Tana da faɗi: wankan Juma'a, wankan Idi, wankan janaba, wankan amarya, wankan gawa. Duk cikinsu mutum ne yake ɗibar ruwa ya zuba wa jiki, shi yake da iko da ruwan. Shiga ruwa mai zurfi yana da nasa sunayen. Akwai iyo ko ninƙaya, tafiya a saman ruwa da hannu da ƙafa. Akwai nutso da kurme, shiga ƙarƙashinsa a riƙe numfashi. Akwai fito, haye kogi da jirgi ko da gora, sana'ar da take da masu ita. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, ana gasar waɗannan a kogin Matan Fada da sunan kabanci, kuma masu yin ta tun suna yara suka tashi a cikin ruwa. Amma yaran birni in za su tafi, cewa suke za su je wanka. Kalmar tana rufe gaskiyar cewa da yawansu ba su iya iyo ba. Uba yana jin wanka sai hankalinsa ya kwanta, domin a kunnensa bokiti da soso ne. Kusan kowace bazara da damina jami'an hukumar kashe gobara ta Jihar Kano suna ciro gawarwakin yara da samari daga kududdufai, kuma a rahotannin ana yawan cewa wanka suka je. Karin maganar da ta ce iya ruwa fid da kai ta auna gwaninta da fitowa, ba ta ko ambaci shiga ba.

Gindin matsirga yana da nasa sharrin da kududdufi ba shi da shi. Farin kumfan da yake burge ido ruwa ne gauraye da iska, saboda haka ba ya ɗaukar jiki kamar ruwa zalla, gwani ma yana jin yana nutsewa a cikinsa. Ruwan da ya faɗo yana dukan ƙasa ya taso ya juyo baya, ya mayar da duk abin da ya kama ƙarƙashin zubowar. Shekaru aru-aru na wannan duka sun rarake dutsen, sun yi gurbi mai zurfin da ba a gani, wani lokaci da kututture a maƙale a ciki. Wurin iyo yana can gaba kaɗan, inda kumfa ya ƙare, ruwa ya baje ya lafa. Ga kuma ruwan da ake yi a kan tudu alhali sama tana garau a inda ake wasa. Alamunsa uku ne da kowane makiyayi ya sani: launi ya fara ja, ganye da kara su fara zuwa, ƙara ta sauya. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, fita zai yi nan take, ya hau tudu.

Mutanen ƙauye suna da tasu hanyar faɗin wannan. Su ce gurbin nan yana da masu shi, ko su ce ruwan nan yana ci. A bori ma akwai Sarkin Rafi a cikin iskoki. Malamai sun yi wa'azi a kan irin wannan imani, ɗan boko kuma yana da bayanin kumfa da juyawar ruwa. Amma kuskure ne babba a watsar da maganar gaba ɗaya. Ba lallai mutum ya yarda da dalilin ba kafin ya yarda da wurin. In tsofaffin gari suka nuna gurbi ɗaya daga cikin goma suka ce shi ne mai ci, abin da suke riƙe da shi lissafi ne na waɗanda suka shiga nan ba su fito ba, lissafin da ba a rubuta a ko'ina ba sai a wannan jimla.

Bayan an fito, sai makyarkyata. Haƙora suna kaɗawa, kuma sau da yawa sanyin ya fi kama mutum bayan mintuna da fitowa, domin zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka na ɗan lokaci. Maganinsa a cire jiƙaƙƙen tufa, a goge jiki, a sa busasshe, a zauna a kan falalen da rana ta gasa. Sai kuma a kama hanya da sauran rana, domin titin Falgore ya yi fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu a shekarun baya, kuma har yanzu masu hankali da rana suke ratsa shi. Dajin babba ne, kusan murabba'in kilomita 1,000, an keɓe shi tun zamanin Turawa da sunan Kogin Kano kafin a mai da shi gandun namun daji.

Akwai abin da ake kwasowa a ruwa wanda ba ya nuna kansa ranar. Tsargiya, mai sa fitsarin jini, tana shiga ta fata ne a ruwan da yake kwance ko mai tafiya a hankali, inda ƙananan katantanwa suke zama a jikin ciyawa. Likita Theodor Bilharz ne ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851, kuma maganinta, praziquantel, ana raba shi a makarantu. Ruwa mai gudu ya fi aminci daga wannan, amma shi ma da nasa: ƙaramin baƙin ƙudan da yake yaɗa makantar kogi a ruwa mai sauri yake hayayyafa, a jikin duwatsu da ganyen da ruwa yake duka, kuma Tudun Wada da Doguwa suna cikin yankunan Kano da aka daɗe ana raba maganin Mectizan saboda ita. Sai kuma kurkunu, wanda a da ake sha a ruwan tafki, ya kwantar da manomi a tsakiyar damina. An ga na ƙarshe a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi a 2013. Yaro ɗan shekara goma a Yako yau yana iya girma bai taɓa jin kalmar ba, kuma wannan ɓacewa ce da ta cancanci a yi mata hamdala. Ba kowace kalma ce ake kuka in ta tafi ba. Wadda ake tsoron rasawa ita ce wadda abin da take nufi yana nan daram.

Kuma ruwan kudancin Kano ƙaruwa ya yi. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka datse Kogin Kano a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, aka tara ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga nan ake ba gonakin Kadawa da Kura ruwa, sauran ya gangara ya haɗu da Kogin Challawa, ya wuce Wudil da Haɗeja, ya doshi Tafkin Chadi. A Riruwai kuma, inda aka daɗe ana narkar da kuza tun kafin zuwan Turawa, kamfanonin haƙa suka zo suka tafi, babbar mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta tsaya a shekarun 1980, suka bar ramukan da ruwa ya cika. Waɗannan duk sababbin ruwaye ne, ba su da kakannin da suka san su. Hausar rediyo ta ƙera wa na Tiga suna mai kyau, madatsar ruwa, amma a bakin jama'a dam ne, kuma kalmar ta bazu har ta rufe kusan kowane tarin ruwa: ramin kuza dam, ramin da masu titi suka ɗebi ƙasa dam, tafkin gari ma dam. Kalma ɗaya ta zauna a mazaunin kalmomi da yawa, kuma ba ta gaya wa yaro ko gaɓar tana gangara a hankali ko a tsaye take, ko ƙasan yashi ne ko laka mai riƙe ƙafa.

Manyan ƙamusoshi sun adana kalmomin gama-gari, tun daga na Bargery na 1934 har Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Abin da ba su da shi, kuma ba aikinsu ba ne su samu, shi ne sunayen wurare ɗaiɗai: sunan da masunta suke kiran wani lungu na Tiga, sunan da Fulanin Ɗansoshiya suke kiran wata mashaya, sunan da mafarautan Doguwa suka sa wa kowane gurbi a bakin ƙorama, da dalilin sunan. Wannan aiki ne da malamin Hausa a sakandaren Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada zai iya ba ɗalibansa a hutu ɗaya: kowa ya je wajen kakansa, ya rubuto ruwayen garinsu, da inda ake shiga, da inda aka hana, da watan da kowanne yake kawowa. Ƙaramar hukumar Doguwa kuma, in tana son baƙi su riƙa zuwa Zainabi, tana iya kafa allo a bakin turba, da boko da ajami, ya nuna mashigi, ya nuna gurbi mai zurfi, ya faɗi alamun kawowar ruwa, ya kuma umarci baƙo ya biya ta gidan mai unguwa a haɗa shi da ɗan gari kafin ya hau.